Tarihin Rayuwata, kashi na 7: Ranar da aka damƙa min littafin layi

Salamu alaikum jama'a, a yi min afuwa na jinkiri, wayar ce ta faɗa bokiti. Makon jiya mun tsaya inda Kawu ya ja ni tasha bayan sakamakon WAEC ɗina ya fito babu lissafi babu turanci, yace tunda boko ya ƙi toh zaman majalisa ma ba zai yiwu ba. Ƙarshen 2010 kenan, a cikin garin Gombe.

Ni duk zatona yaron mota zai sa ni, har na fara hango kaina ina rataye a ƙofar Hayis ina ihun Bauchi Bauchi, sai naga ya wuce motocin ya shiga wani ɗan ofis na langa-langa a jikin masallacin tasha, benci biyu, tebur ɗaya, sai wani dattijo yana kurɓar shayi. Kawu yace, "Sakatare ga ɗan ƙanwata, ya iya rubutu." Dattijon ya kalle ni sama da ƙasa yace, "Yaro rubuta min lambar waccan Sharon ɗin." Na rubuta. Wallahi jarabawar kenan gaba ɗaya, kuma ita kaɗai na ci a shekarar.

A nan na fara sanin cewa hayaniyar da kake gani a tasha ba a banza take ba, akwai mai ita. Ƙungiyar direbobi ce NURTW, mu dai yuniyan kawai muke cewa. An kafa ta a 1978, shekara ɗaya da NLC, babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, wadda yuniyan ɗinmu take ƙarƙashinta. Uwar ƙungiya tana Abuja, sai majalisar jiha, sai rassa, sai can ƙasa yunit, wato mu. Kowace hanya da yunit ɗinta, masu Bauchi ta Alkaleri daban, masu Kumo da Billiri da Kaltungo daban, masu Dukku daban, masu Bajoga da Ashaka daban, kuma mai ƙaramar mota baya shiga layin bas ko da uban wa yake yawo. Baba Sakatare in ya samu kai sai ya ba ka labarin kafin a cire Gombe daga Bauchi a 1996, wai ƙaramar rigima in ta fi ƙarfin reshe sai an kwashi jiki an tafi Bauchi, yanzu kuwa a ƙafa ma sai ka je.

Yunit ɗinmu akwai ciyaman da mataimakinsa, sakatare, ma'aji, sakataren kuɗi da odita, waɗannan zaɓensu ake yi kuma direbobi masu katin ƙungiya ne ke zaɓen. Sai mu 'yan ƙasa da ba a zaɓe mu ba, mai yankan tikiti, 'yan kamasho, masu ɗaurin kaya, maigadi, sai ni. Ba mu da albashi, abin da aka tara ranar a ciki ake sallamarmu da yamma. Kuma dan Allah ku daina raina ɗan kamasho, da yawansu tsofaffin direbobi ne da mota ta mutu a hannunsu ko ido ya yi rauni, yuniyan ta riƙe su don kar su zauna haka, wani ya san hanyar Legas fiye da yadda ka san unguwarku.

Duk motar da ta cika akwai abin da ake cira kafin ta fita. Wani kaso ya zauna a yunit, wani ya hau sama, wani kuma na taimako ne, in mutum ya yi haɗari ko motarsa ta kwana a daji ko an yi masa rasuwa daga nan ake zarowa. Wannan ɓangaren ma'aji ne, ni ko leƙe ban yi ba.

Nawa aikin shine littafin layi. Wani dogon littafi mai baƙin bango, mota na shigowa ka rubuta lamba, wanda ya riga shigowa shi zai riga lodi. Kaji kamar wasa ko? Toh a cikinsa abincin kowa yake, don wanda ya yi lodin asuba zai iya zuwa Bauchi ya juyo ya sake samun wani, wanda ya faɗa bayan azahar kuwa sai dai ya kwana can. Ciyaman ana gaishe shi ana rusunawa amma ni ɗan shekara 19 ni ake sayawa kunu da ƙosai, manya masu furfura suna ce min Malam, kai har na fara tafiya ina buɗa hannu.

Wata na huɗu na tafka ta. Wani direba abokin Kawu ya same ni tun kafin kiran assalatu yace matarsa tana asibiti, in taimaka in ɗaga shi sama, ya dunƙule min 500 a hannu. Na goge lamba ɗaya na sa tasa. Ashe wanda na goge a motarsa ya kwana, yana ganin an juyo da wata mota bakin layi ya ɗauko wilsifana ya nufo ofis, kan kace kwabo tasha ta cika, fasinja har suna saukowa kallo.

Ciyaman ya zaunar da mu bayan la'asar, shi da sakatare da dattawa uku. Direban aka ci shi tara kuma aka hana shi lodi kwana uku, ni kuma aka ce in ajiye 500 ɗin a tebur kowa na gani. Baba Sakatare bai min faɗa ba, ya dai ɗauke fensirin da nake rubutu da shi ya karya biyu, ya zaro biro daga aljihunsa ya miƙo min yace, "Daga yau da wannan." Kawu kuwa sati biyu baya amsa gaisuwata.

Ina riƙe da littafin nan har Janairun 2012, da aka cire tallafin mai lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, NLC ta kira yajin aiki ranar 9 ga wata, takarda ta sauko daga sama cewa a rufe get kar mota ta fita, ni kuma aka ba ni makulli. Abin da ya faru a bakin get ɗin nan da wata tsohuwa mai zuwa ɗaurin aure Alkaleri, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.