Lambar da ta cinye mini dare biyu

A shekarata ta biyu a jami'a, malaminmu na lissafi ya rubuta 4,294,967,297 a allo, ya ce mu gano ko tana rabuwa da wata lamba ban da ɗaya da ita kanta. Ya hana mu taɓa kwamfuta, sai biro da takarda.

Na fara da abin da muka sani tun firamare. Ba cika ba ce, mara ce, don haka 2 ba ta shiga. Jimillar alƙalumanta 59, ke nan 3 ma ta fita. Ƙarshenta 7, babu zancen 5. Daga nan na duƙufa rabawa da 7, 11, 13, ina haurawa. Dare biyu ina wannan aiki, ban kai 200 ba. Ashe in haka zan bi, lambobi 6,542 ne a gabana, wato duk masu gagarar rabo (waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu) da ke ƙasa da 65,536, domin 65,536 sau 65,536 ɗaya kawai ya rage ya kai lambar tawa.

Da na kai kuka, Malam ya tambaye ni abu ɗaya: 'yar gidan wa ce wannan lamba? A lokacin na lura cewa 2 ce aka jera sau 32 aka ninka, aka ƙara ɗaya. Ita ce ta shida a zuriyar da ake kira lambobin Fermat, inda ake jera 2 sau 1, 2, 4, 8, 16, 32 da sauransu, a ninka, a ƙara ɗaya. Yayyenta biyar, 3, 5, 17, 257 da 65,537, duk ba sa rabuwa. Ganin haka ne Fermat, wani masanin shari'a a Faransa, ya yi zato a 1640 cewa duk zuriyar haka take. Ban ga laifinsa ba, domin ni ma da na ga jerin nan na yanke hukunci nan take, har na rubuta amsar a gefen takarda.

Euler, masanin lissafi ɗan ƙasar Switzerland, shi ne ya warware zaton a 1732, yana ɗan shekara 25. Hujjar da ya bayyana daga baya ita ce ta sauya mini tunani: duk lambar da za ta raba wannan, dole in ka cire mata ɗaya ta rabu da 64. Sai dubban nan suka zube, a farkon layi aka bar 193, 257, 449, 577 da 641. Na zauna na gwada su ɗaya bayan ɗaya. Huɗu suka bar saura. Ta biyar ta shiga cif: 641 sau 6,700,417.

Har yau ba a sake samun mai gagarar rabo a wannan zuriya ba bayan 65,537, duk da ƙarfin kwamfutocin zamani. Takardar da na yi rabawar ƙarshe a kai tana nan cikin tsohon littafina, da amsar farko da na soke da jan biro a gefenta.