Kunnen da Za Ku Tsufa da Shi

Ƙannena, tun kuna ciki kuka fara ji. Ciki na wata shida zuwa bakwai, ɗan tayi ya riga ya saba da bugun zuciyar uwarsa da hawa da saukar muryarta. Shi ya sa in ya faɗo duniya yana tsala kuka, waƙar reno ke lallashinsa tun bai san ma'anar kalma ko ɗaya ba. A can ƙarshen rayuwa kuma, masu jinyar tsofaffin da cutar mantuwa ta Alzheimer ta kama sun sha ganin abin al'ajabi: tsohuwar da ta manta sunayen 'ya'yanta, a ɗauko mata waƙar da ta rera tana budurwa, sai ta kama baiti bayan baiti ba gargada. A 2015 masu binciken ƙwaƙwalwa suka nuna cewa wuraren da ke riƙe da tsofaffin waƙoƙi suna cikin waɗanda cutar ke jinkirin taɓawa. Duk tsawon wannan tafiya kunnuwa biyu aka ba mutum, kuma ba a sauya su a hanya. Ni ban yi wa nawa adalci ba.

Ina saurayi, gani nake daɗin kiɗa yana cikin ƙarfinsa. In ban ji ganga na dukan ƙirjina ba, a wurina ba a fara ba tukuna. A wurin taro gindin lasifika ne mazaunina. A kan hanya kuwa iyafis na kunne, na ƙure sauti don in danne ƙarar motoci, har wanda ke kusa da ni yana iya bin waƙar. Na sha komawa gida kunnena na yin shuuu, magana tana zuwa mini dishi-dishi. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ya washe, in ce ai ba komai.

Ashe da komai. Can cikin kunne akwai wani ɗan sashe a nannaɗe kamar gidan dodon koɗi, a cikinsa akwai ƙwayoyi masu siraran gashi wajen 16,000. Su ne ke karɓar girgizar sauti su miƙa wa jijiya, ita kuma ta kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana galabaitar da su, in abin ya yi yawa su mutu. Tsuntsu da kifi in nasu sun mutu wasu na tsirowa, ɗan Adam kuwa wanda ya tafi ya tafi ke nan. Ita ma washewar nan da nake dogara da ita ba gaskiya take faɗa ba duka. A 2009 wasu masu bincike a Amurka suka gwada a kan ɓeraye, suka ga cewa ko bayan ji ya dawo daidai a ma'auni, wani kaso na mahaɗar ƙwayoyin da jijiya ya riga ya tsinke. Ɓarna tana taruwa ne a ɓoye, sai an kwana biyu take bayyana.

Da desibel ake auna ƙarfin sauti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da fargaba ba, yaro kuma desibel 75. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne lissafin ba a miƙe yake tafiya ba. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu: 83 awa 20, 86 awa 10, haka dai har a kai 100, inda rabon mako guda cur bai kai rabin awa ba. To gindin lasifika a babban taro yakan kai 100 har ya wuce, haka ma iyafis in an ƙure waya. Tun 2015 hukumar ta yi gargaɗi cewa matasa sama da biliyan 1, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro.

Kada ku zaci kurumcewa ce farat ɗaya. Da ma haka ne, da mutane sun ji tsoro. Siraran sautuka ne ke fara tafiya, irin su "s" da "f" da "sh" da "ts", waɗanda su ne ke bambanta kalma da 'yar'uwarta. Sai ka ji muryar mutum sarai, amma abin da ya ce ya kuɓuce maka. In mu biyu ne a ɗaki, lafiya lau. Da zarar an taru ana hira, kowa na magana, sai in koma gyaɗa kai da murmushi, in yi dariya don na ga ana dariya. Muryar ƙananan yara ta fi ba ni wahala, kuma yaro in ka ce masa "me ka ce?" sau biyu, na uku sai ya ce "ba komai" ya yi gaba. Da dare kuma, in gari ya yi tsit, wannan shuuu ɗin da a da yake baƙo yanzu ya zama ɗan gida. Abin haushin ma, waƙoƙin da na kashe kunnena a kansu ba na jinsu cikakku. Ganga na nan, amma zaƙin tsirkiya da sarewa ya ragu. Masana ma sun haɗa raunin ji da mantuwar tsufa: a 2020 kwamitin mujallar likitanci ta Lancet ya sa shi cikin abubuwan da kula da su ke iya rage haɗarin cutar.

Kariyar ba wani abin wahala ba ne. Kada sautin waya ya wuce kashi 60 cikin 100, kuma in ta nuna muku gargaɗi kada ku danna ku wuce kamar yadda na saba. In kuna wurin da sai kun ɗaga murya kafin wanda ke tsaye gab da ku ya ji, ƙarar ta yi yawa: ku ja baya daga lasifika, ku riƙa fita kuna hutar da kunne, ko ku sa abin toshe kunne, ko da abokai za su yi muku tsiya. A cikin hayaniya, iyafis mai tare ƙarar waje ya fi, don ba sai kun ƙure ba. Kuma wanda ba ya sauraron kiɗa kada ya ce ya tsira. Kunne bai san bambancin kiɗa da karatu da wasan bidiyo ba, ƙarfi da tsawon lokaci kawai ya sani. In kukan kunne ya ƙi tafiya, ku je a auna muku ji.

Wannan ke nan game da kunnen. Saura abin da ake zubawa a cikinsa.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa in mutum ya manyanta, abubuwan da ya fi tunawa su ne na tsakanin shekara 10 zuwa 30, kuma waƙa tana kan gaba. Wato ku yanzu guzuri kuke haɗawa ba ku sani ba. Ni ban zaɓi nawa ba, duk abin da ake yayi shi na kwasa. Yau in ina aiki sai in ji wani baiti ya taso mini da kansa, in tsaya in saurari abin da yake cewa, kunya ta kama ni, in duba ko yara na kusa. Ba cewa nake ku zama tsofaffi tun da ƙuruciya ba, samartaka da shirmenta take tafiya. Amma ku ware wasu 'yan waƙoƙi masu nauyi, waɗanda za ku iya rerawa gaban iyayenku da jikokinku, ku haddace su da gangan.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta mahaifiyata. Tana da waƙoƙin da take rerawa in tana aiki, ta koya a bakin tata uwar. A lokacin raina su nake yi, ina ganin tsohon yayi ne. Ku tuna, kafin Thomas Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya a 1877, waƙa a bakin mutane ake jin ta, in babu mai rerawa ba a jin ta. Har yau akwai dubban waƙoƙi da ke a wannan hali, ba su taɓa shiga faifai ba. Bayan rasuwarta na shiga intanet ina laluben nata, ban samu ko ɗaya ba. Abin da ya rage mini rabin baiti nan, amshi can, 'yan'uwana ma kowa da guntun da ya riƙe, mun haɗa sun ƙi cika. Ku kuna da waya a aljihu. Ku zauna da tsofaffinku ku ce, "Kaka, rera mini waccan," ku ɗauka, ku tambayi wa ya koya mata, kuma a wane hali ake rera ta. Za ta ce muryarta ta tsufa, ku nace. Sannan ku koya da bakinku, don waya na ɓata, tana kuma lalacewa.

Na ce da bakinku, ni kuwa nawa na daɗe da rufe shi. Muna yara na ɗauko waƙa cikin tsara, wani ya kwashe da dariya ya ce muryata ba ta waƙa ba ce, na yarda da shi har na girma. Daga 1979 da kamfanin Sony ya fito da Walkman, zama ɗan sauraro shi kaɗai ya zo da sauƙi, ni ma na fake a nan. Alhali waɗanda aka haifa ba sa iya bambanta hawa da saukar sauti ba su wuce kashi 4 cikin 100 ba. Sauranmu rashin sabo ne kawai. Rerawa kuma tana da aikin da sauraro ba ya yi. Mai in'ina yakan rera waƙa sumul ba sarƙewa. Wasu da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana suna iya rera abin da suka kasa faɗa, kuma tun shekarun 1970 masu gyaran magana ke bi ta wannan hanya don dawo musu da harshe.

Na koma rerawa da furfura a kaina. Muryar ba ta zama abin a zo a gani ba, kuma saboda raunin kunnen nan nakan kauce wa kari ban sani ba, sai yara sun gyara mini.