Gilashin da ya fito babu launi: neman E-cadherin a sankarar mama

Ranar da ƙaramar kwalbar ta iso cikin akwati mai ƙanƙara, sai da na ɗaga ta wajen haske kafin na ga ruwan da ke ciki. Bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, amma shi ya cinye kaso mafi tsoka na kuɗin bincikena na digiri na biyu. A jikinta an rubuta cewa don bincike kawai aka yi shi, ba don a yanke wa mara lafiya hukunci da shi ba. Antibodi ne, irin sinadarin da garkuwar jiki ke yi, amma an ƙera shi ya kama furotin ɗaya tak mai suna E-cadherin.

Wannan furotin shi ne simintin da ke riƙe ƙwayoyin da suka shimfiɗe a cikin hanyoyin nono, kowace manne da maƙwabciyarta. Masanin Japan Masatoshi Takeichi ne ya gano dangin waɗannan furotin, ya kuma raɗa musu suna. An daɗe da lura cewa idan ƙwayar sankara ta daina yin E-cadherin, takan saki 'yan uwanta ta kutsa cikin naman da ke kewaye. Abin da ya ja ni ke nan. Na sha ganin matan da ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya riga ya kai kaluluwar hammata, wani lokaci har huhu ko ƙashi. Na so in san ko naman da aka cire musu yana ɗauke da alamar wannan sakin.

Aikin kansa na haƙuri ne. Naman yana cikin dunƙulen kakin farafin a ma'ajiya. Ana yanko shi siriri, kaurin maikron 4, a ɗora kan gilashi, a wanke kakin da zailin, a bi da shi cikin alkohol har ya koma ruwa. Sai a dafa gilashin. Fomalin da ake jiƙa nama a ciki yana ɗaure furotin da juna har antibodi ya kasa gane wurin da zai kama, zafi kuma yana kwance wannan ɗauri. Wani masani mai suna Shan-Rong Shi da abokan aikinsa ne suka wallafa dabarar a 1991, da na'urar ɗumama abinci suka yi. Mu da tukunyar matsi muke yi, cikin ruwan sitiret mai pH 6. Bayan haka a ɗiga haidirojin faroksaid mai kashi 3 cikin 100, a sa antibodi na farko, a sa na biyu mai ɗauke da enzayim, a ƙare da sinadarin rini mai suna DAB. Inda furotin yake sai ya yi launin ƙasa-ƙasa, cibiyar kowace ƙwaya kuma hematokzilin ya rina ta shuɗi.

Gilasai 20 na fara da su. Fiye da rabi sun fito shuɗi zalla, babu ɗigon launin ƙasa. Zuciyata ta yi fari, domin abin da na rubuta a takardar neman izinin bincike ke nan: ana sa ran E-cadherin ya ɓace a ciwon da ya yi nisa. A daren na fara cika jadawali.

Washegari na kai wa babban ma'aikacin ɗakin gwajinmu, dattijon da kowa ke kira Baba, wanda ya fi shekara 30 yana yanka nama a kaki. Ya sa gilashin farko a madubin duba ƙananan abubuwa, bai tsaya kan sankarar ba, ya yi ta zagayawa har gefe. Can ya ce, "Ɗana, zo ka duba nan. Mene ne wannan?"

Na ce, "Hanyar nono ce lafiyayya, Baba."

Ya ce, "To ita ma ta rasa furotin ɗin ne?"

Na yi shiru. Lafiyayyar hanyar nono dole ta yi launin ƙasa a gefen kowace ƙwaya, kamar saƙar zuma. A gilashina ita ma shuɗi ce. Ke nan rinin ne bai kama ba gaba ɗaya. A nan na fahimci haɗarin irin binciken da na zaɓa. Mai neman furotin da ke ƙaruwa, in aikinsa ya lalace, zai ga babu komai ya san da matsala. Ni kuwa rashin furotin nake nema, don haka lalacewar aiki da samun abin da nake so kamanninsu ɗaya ne a ƙarƙashin madubi.

Mako 3 muka yi muna bin sawun matsalar. Na fara zargin antibodin, saboda firij ɗinmu yakan mutu in an ɗauke wuta kafin a tada janareta, takardarsa kuma ta ce a ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Muka gwada shi a kan sabon nama da Baba ya jiƙa da hannunsa, a tsarma uku: 1:50, 1:100 da 1:200. Ya kama tsaf, 1:100 ta fi tsabta. Ashe antibodin lafiyarsa lau.

Laifin yana cikin dunƙulen kakin, tun daga ranar tiyata. Fomalin a hankali yake ratsa nama, kusan milimita 1 a awa. Idan aka jefa mama sukutum cikin bokiti ba a tsattsaga shi ba, ruwan ma bai rufe shi ba, gefe zai jiƙu, tsakiya ta fara ruɓewa, furotin ya lalace. Wasu kuma akasin haka ne, sun kwana da yawa a fomalin har dafawar minti kaɗan ba ta isa ta kwance su. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin sankara da na nazarin nama na Amurka suka fitar don naman mama ita ce a sa shi a fomalin mai kashi 10 cikin 100 kafin awa 1 ta cika, ya zauna tsakanin awa 6 zuwa 72. A takardun da suka rako yawancin namanmu babu wanda ya rubuta lokacin. Ban ga laifin kowa ba, tiyata tana da cunkoso, kuma don rinin yau da kullum wannan naman ya wadatar. Antibodi ne ba ya yafiya.

Waɗanda suka daɗe a fomalin mun ceto wasu da muka koma ruwan Tris-EDTA mai pH 9 muka ƙara lokacin dafawa. Waɗanda suka ruɓe babu yadda za a yi da su. Cire su daga binciken ya yi mini ciwo, domin kowane dunƙule mace ce da ta sha wuƙa.

Daga nan na sa wa kaina dokoki. Ba na karanta gilashi sai na sami lafiyayyar hanyar nono a cikinsa ta yi launi. In babu, sakamakon "ba a iya tantancewa" ne, ba "babu furotin" ba. Kowane zagaye ina sa gilashi ɗaya da ban ɗiga wa antibodi na farko ba, in ya yi launi na san ƙarya ce daga wani wuri. Launin da ya bazu cikin ƙwaya ko ya taru a bakin yanka ba na ƙirga shi, sai na gefen ƙwaya. Manyan ɗakunan gwaji suna tabbatar da antibodinsu da ƙwayoyin da ake reno a kwalba: MCF-7 mai E-cadherin, da MDA-MB-231 marar shi, su ga layi ɗaya daidai nauyin furotin ɗin, wajen kilodalton 120, a na farko, babu a na biyu. Ba mu da wannan, sai na yi amfani da wani nama da aka riga aka tabbatar sankara ce ta nau'in lobula, wato mai tasowa daga ƙananan jakunkunan da ke haɗa ruwan nono, wadda kusan 9 cikin 10 nata ba sa yin furotin ɗin. Wannan taka-tsantsan ba tsoro ba ne kawai. A 2023 ƙungiyar YCharOS ta Kanada ta gwada antibodi 614 na kasuwa da aka yi don furotin 65, fiye da rabinsu suka gaza a aƙalla gwaji ɗaya.

Da na sake aikin, sakamakon ya juya. Yawancin sankarar hanyar nono da na duba tana riƙe da E-cadherin ɗinta, har da wadda ta riga ta kai hammata. Da farko na ɗauka bincikena ya rushe. Malamar da ke duba aikina ce ta turo mini binciken da ɗakin gwajin Andrew Ewald na Jami'ar Johns Hopkins ya wallafa a mujallar Nature a 2019. Sun nuna a jikin ɓeraye cewa rasa E-cadherin yana sa ƙwaya ta fi kutsawa cikin nama, amma yana rage mata ƙarfin rayuwa a cikin jini da kafa sabon ciwo a wata gaɓa. Abin da na gani bai saɓa wa ilimi ba, tunanina na farko ne ya yi gajarta.

Akwai gilashi ɗaya da nake nuna wa ɗaliban da suka zo bayana. A tsakiyarsa lafiyayyar hanyar nono ce, kowace ƙwaya zagaye da launin ƙasa. A gefenta ƙwayoyin sankarar lobula ne, shuɗi, sun jeru ɗaya bayan ɗaya kamar tururuwa suna ratsa nama. Yanzu kuma takardar da ke rako nama daga ɗakin tiyata zuwa wurinmu tana da sababbin layuka biyu: lokacin da aka cire, da lokacin da ya shiga fomalin.