Ranar da na haɗa wa da ƙanwa

Maguna biyu irin waɗanda ake kira 'yan Farisa na saya a hannun mutum ɗaya, muzuru da mace, farare sol. Mai sayarwar ya faɗa mini uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, ban ɗauki maganar a bakin komai ba. Dabba ce, ina ruwanta da dangantaka? Haka na ce a raina, kuma wannan tunanin ne yake cin zuciyata har yau.

Haihuwar farko 'ya'ya huɗu. Wajen sati takwas na lura ɗaya, wadda yarana suka sa wa suna Auduga, kanta na rawa. In tana kwance lafiya lau take. Da ta miƙa wuya za ta ci abinci sai karkarwa ta taso, hancinta ya yi ta dungurar bakin kwano. Tafiya kuma ƙafafu a buɗe, tana tangaɗi. Aka ce tsutsar ciki ce, na ba da magani. Aka ce rashin bitamin, aka yi allura. Wani ya ce panlukopeniya, wata cutar maguna mai yaɗuwa, ce ta taɓa ƙwaƙwalwarta tun tana ciki, kuma irin waɗannan sukan rayu da rawar kansu ba tare da ta ƙaru ba. Na riƙe wannan don ya fi daɗin ji. Amma nata kullum ƙaruwa yake. Idonta ya yi hazo, 'yan'uwanta suka ninka ta girma, ta mutu tana wata biyar.

Na yi kuka, na ce tsautsayi ne, sannan na bar iyayen suka sake barbara. A nan na yi babban kuskure.

Haihuwa ta biyu 'ya'ya biyar, biyu suka fara rawar kai irin ta Auduga sak. Likitan dabbobin da na kai wa a wannan karon bai yi gaggawar ɗauko allura ba. Tambayarsa ta farko ita ce, "Hajiya, mece ce dangantakar uwar da uban?" Da na faɗa masa sai ya yi shiru. Ya ɗebi jini, ya shafa a gilashi, ya kira ni na leƙa madubin awo da idona: fararen ƙwayoyin jinin cike da 'yan ramuka kamar kumfar sabulu.

Ya yi mini bayani cewa a cikin kowace ƙwayar halitta akwai 'yan jakunkuna da ake kira laisosom, aikinsu narkar da shara. In aka haifi dabba babu sinadarin da ke narkarwar, sharar sai ta taru, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su kumbura su lalace. A magunan Farisa an san nau'in wannan cuta da ake kira alfa-manosidosis, a maguna irin na Siyam da Korat kuma gangiliyosidosis. Ya aika samfur waje, bayan makonni sakamako ya tabbatar da zarginsa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne lissafin. Sai uwa da uba duka suna ɗauke da gurɓataccen gadon cutar take fitowa, su kuwa lafiyarsu ƙalau, kamar dai yadda muka sani a sikila. Kowane ɗa yana da damar 1 cikin 4 ta kamuwa, kuma cikin masu lafiyar, 2 cikin 3 masu ɗauke da ita ne. Ni da na dage sai an yi wa ɗiyata gwajin jini kafin aure, ban kawo wannan a kan dabbobina ba.

Na tambaye shi magani. Ya ce a Amurka an gwada dashen ɓargo da gyaran ƙwayar gado a kan maguna a ɗakunan bincike, amma ba abin da zai iya ba ni a hannu. Muka koma jinya: abinci mai ruwa-ruwa a sirinji, shimfiɗa mai laushi a ƙasa, goge musu jiki da ruwan ɗumi don ba sa iya lashe kansu. Su biyun duka ba su kai wata bakwai ba.

Don Allah, in rawar kan ɗan mage tana ƙaruwa sati bayan sati, kada a ɓata lokaci kan maganin tsutsa, kuma kada a sake haɗa iyayen kafin a gano dalili. Na sa an yi wa muzurun fiɗiya, macen ma an yi mata aiki. Mafi nauyi shi ne kiran mutum uku da na ba 'yan haihuwar farko. Biyu sun fahimta. Ta ukun ta ce tata ta riga ta ɗauki ciki, kuma muzurun da ya hau ta daga hannun wancan mai sayarwar ya fito.