In Mun Ce Laraba, Laraba Ce

Na shekara tara ina ɗinki a Kano kafin in tambayi kaina ina shagon nan ya dosa. Keke biyar gare mu, yara shida, ni ke yanka, su ke haɗawa. Da na fara tunanin, sai na rubuta a kwali na manna a bango: "Burinmu mu zama kan gaba a harkar ɗinki a Arewa." Wata uku kwalin yana shan ƙura, babu yaron da ya sauya ko zare ɗaya saboda shi.

Wata Hajiya ce ta farkar da ni. Ta sayo shadda da leshi a Kantin Kwari na bikin 'yarta, na ce ta dawo Laraba. Ta zo Laraba, ta sake zuwa Asabar, kayan na nan a leda, ko alli ban ɗora musu ba. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Ɗana, da ka gaya min ba za ka iya ba, ai da na kai wani wuri." Ta ɗauki kayanta ta fita. Har yau maganar na ci min rai.

Bayan la'asar na tara yaran, na ce nan da shekara biyar me suke so mutanen unguwa su riƙa faɗa a kanmu. Aka yi shiru. Can ƙaramin cikinsu, mai sa maɓalli da guga, ya ce, "Maigida, a ce in mun ce Laraba, Laraba ce."

Ita muka rubuta a bangon, da fenti.

Ashe buri na gaskiya sai ya hana ka wani abu. Muka sayi littafi, kowane aiki da ranarsa. Azumi na kai goma sha biyar muke daina karɓar ɗinki, alhali lokacin ne kuɗin tela ke shigowa. Shekarar farko na ji jiki. Da aka cire tallafin mai a 2023, janareta ya zama sai dole, sai na gyara kekunan ɗinki biyu masu aiki da ƙafa na dawo da dutsen guga na gawayi, don kada ɗauke wuta ya zame mana uzuri.

A azumin bana ina can ciki ina yanka, na ji yaron nan yana ce wa wani Alhaji, "Ranka ya daɗe, littafi ya cika, sai bayan Sallah." Bai ko leƙo ya tambaye ni ba. Alhajin ya bar yadinsa, aka rubuta masa rana.