Takardar da ke cikin kwalin inji

Ni ne mai rubuta 'yar takardar nan da ake samu a cikin kwalin injin ban-ruwa ko a jikin robar maganin ciyawa, wadda yawancin mutane ke yarwa tare da leda. Da ita nake ci da iyalina a Samaru. Ta ƙofar noma na shigo aikin, kuma ba abin mamaki ba ne a Zariya: ga cibiyar binciken noma ta IAR da ke fitar da iri irin su SAMMAZ na masara da SAMPEA na wake, ga cibiyar NAERLS da aikinta shi ne kai sakamakon bincike ga manomi. Mai bincike ya san abu, mai fartanya yana bukatarsa, ni kuma nake zama a tsakaninsu da biro.

Awo ne ya fi cin lokacina. Kamfani zai aiko da bayani cewa a zuba lita kaza a hekta. Manomin Giwa ko na Soba ba ya auna gonarsa da hekta, abin da ya sani shi ne tankin feshin da ke bayansa, mai lita 16 ko 20. Don haka lissafin aikina ne, kada in bar masa shi a tsakiyar gona rana na dukansa. A ce an rubuta lita 4 na magani cikin ruwa lita 200 a hekta guda. Mai tankin lita 20 zai cika sau 10, kowace cikawa ya zuba mililita 400 na magani. Mai lita 16 kuwa 320 zai zuba. Wannan nake sawa a sama da manyan baƙaƙe. Mutane da gwangwanin madara suke awo, kowa ya sani, amma gwangwanaye sun sha bamban, shi ya sa nake matsa wa kamfani ya haɗa da kofi mai layi. Wasu su yarda, wasu su ce tsada.

Kafin a buga, nakan miƙa wa wanda bai taɓa ganin injin ba takardar, in koma gefe in yi gum. Duk inda ya tsaya yana juya ta, ko ya ɗago kai yana nemana da ido, a nan rubutun ya gaza, sai in sa alama. Injiniyoyi ba sa son wannan gwaji. Wani ya taɓa ce mini, "Haba Malam, ai ko yaro ya san sai an cika famfo da ruwa kafin a tayar." Na ce, "Injiniya, yaron gidanka ne ya sani." Famfon da ya yi gudu a bushe robarsa ke ƙonewa, kuma sabon inji ba ya zuwa da baƙin mai a ciki. Gargaɗi irin wannan kafin umarnin tayarwa yake zuwa, don mutum yana karantawa ne hannunsa na kan igiya.

Tsarin da na fi amfana da shi daga wajen masu gyaran jirgin sama na samo, ta hannun wani abokina da ya yi karatu a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta nan Zariya, wadda aka kafa a 1964. Tun 1986 suke da ƙa'idar rubuta littafin gyara: kalmomin yau da kullum kusan 900 kawai aka yarje, jimlar umarni ba ta wuce kalma 20, kuma umarni ɗaya a jimla ɗaya. Haka nake yi da Hausa. Sunan da na ba wani ƙarfe a shafin farko, shi zai bi shi har ƙarshe, ko da maimaicin ya yi wa malamin adabi nauyi a kunne.

Ga mai sha'awar sana'ar, kuɗin ya fi yawa a ɓangaren manhajar kwamfuta, inda ake aiki daga gida da Markdown (hanyar tsara rubutu a kwamfuta) da Git (manhajar adana gyare-gyaren rubutu), in wuta da intanet sun bari. Na noma bai kai shi ba, kuma sau da yawa sai kaya sun iso Legas ake tuna marubuci. Wani lokaci aikin ba ya ma ƙarewa a boko: akan nemi ajami, ko in karanta bayanin a murya dillalai su yaɗa ta WhatsApp.

Kwanan wata da lambar bugu kuwa ba na barin takarda ta fita babu su. Kamfani kan canza ƙarfin magani ya bar sunansa yadda yake, tsohuwar takarda tana nan liƙe a bangon shago, mai shago yana karanta wa mutane awon bara. In an kira ni da ƙorafin shuka ta ƙone, abin da nake fara tambaya shi ne lambar da ke ƙasan shafin.