Zanen da ya kusa raba ni da aikina

Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina wallahi. Kimiyya nake koyarwa a aji biyu na ƙaramar sakandaren 'yan mata, kun san tun 2003 aka shigo da manhajar nan ta FLHE, ilimin zaman iyali da ƙanjamau, ba a ware mata darasi ba, a cikin su kimiyya da soshiyal ake cusa ta. Ni kuma sabuwar malama, ina ji da NCE ɗina, muka zo kan balaga na ɗauki alli na zana mahaifa a allo ɓaro-ɓaro yadda take a littafi na ce kowa ta kwafa.

Kwana biyu sai ga wani dattijo a ofishin firinsifal da littafin 'yarsa a hannu, ya buɗe shafin ya ce Malama wannan ne bokon? Ban iya cewa uffan ba. Sai da Hajiya firinsifal ta yi ta ba shi haƙuri, ni kuma na sha faɗa kamar yarinya.

Abin da ya fi ƙona min rai, yaran nan kusan duk suna zuwa Islamiyya, kuma Ahalari akwai fasalin haila a ciki, har kwana 15 ɗin nan, iyakar kwanakin jinin mai fara haila, sun haddace. Da ta nan na shigo, tsarki, wanka, sannan tsaftar ƙunzugu da audugar mata, wa zai ɗaga min murya? Amma na je na fara da zane, kuma ban sanar da ko uwa ɗaya ba. Zanen nan dai!

Amma ban daina darasin ba, don a satin ne wata yarinya ta tsaya bayan an tashi tana kuka, wata uku kenan tana ganin jini tana ɓoyewa, tsumma take tsinta ta wanke ta shanya a ƙarƙashin katifa, ta haddace fasalin amma ba ta taɓa gane da ita ake ba, ta zaci ciwo ne. Kunyar Mamanta take ji.

Yanzu kafin zangon balaga sai na roƙi a kira iyaye mata taron PTA, in gayyato malamar Islamiyya ta buɗe, ni in ɗora. Zanen kuma a kwali yake, in nuna in mayar jakata, babu mai kwafa.